Ina kuɗin tikitin kasuwa ke kwana?

Wani matashi daga Tawa, cikin masu ƙungiyar unguwa, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba, kullum a rediyo ana maganar kyakkyawan shugabanci a ƙananan hukumomi. Mun ga zaɓaɓɓun magadan gari, yanzu muna ganin waɗanda aka naɗa, amma bolar unguwarmu tana nan inda take. Shin ba mutumin kirki mai tsoron Allah kawai muke buƙata a meri, wato ofishin magajin gari, ba? In kuwa akwai wani abu bayan wannan, ta yaya talaka irina zai gane ana tafiyar da kwamin ɗinsa, wato ƙaramar hukumarsa, daidai?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Na daɗe ina aikin sakatare janar a ƙananan hukumomin karkara na jahar Tawa kafin in huta, na zauna ƙarƙashin magadan gari iri-iri, don haka bari in fara da wanda na fi ƙauna a cikinsu. Dattijo ne, malami, da babur ɗin da ya shigo da shi ya fita, ko tubali ɗaya bai ƙara a gidansa ba. Amma ranar da ya sauka, akwatin kwamin fayau yake, ma'aikata na bin albashin watanni, ƴan kwangila na bin bashi. Ba shi ya ci ba. Abin da yake yi shi ne, ran kasuwa da yamma masu karɓar haraji su kawo masa abin da suka tara, ya zuba a aljihun tebur. Gobe a yi rasuwa gidan wani babba, ya ɗiba ya kai gaisuwa. Jibi baƙi su zo daga gunduma, ya ɗiba ya zuba musu man mota, ya yanka musu rago. Mace ta zo da takardar magani tana kuka, ya ɗiba ya ba ta. Duk da zuciya ɗaya. Amma tun da ba a rubuta abin da ya shigo ba, babu mai iya cewa nawa ya kamata ya shigo, kuma waɗanda ke kewaye da shi sun gane haka tun watan farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsoron Allah na shugaba yana tsare hannunsa shi kaɗai, ba ya tsare hannuwa ashirin da kuɗin ke ratsawa kafin su iso gare shi.

Ka tuna abin nan duka bai tsufa ba a ƙasarmu Nijar. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 1999, rigima ta biyo baya, aka soke sakamako da dama, juyin mulkin Afrilu ya binne sauran. Zaɓen da ya kafa kwamin na gaskiya shi ne na 24 ga Yulin 2004. Kafin nan kasafin kuɗin yanki yana hannun wakilin gwamnati ne, shi ke tsarawa, shi ke kashewa. A watan Satumban 2010 aka fitar da babban kundin dokokin ƙananan hukumomi, aka yi zaɓe a Janairun 2011, aka yi ta ƙara wa waɗancan kansiloli wa'adi har sai Disamban 2020 sannan aka sake wani. A Afrilun 2024 kuma hukumomin soja suka rusa majalisun duka, suka naɗa masu riƙo, waɗanda kowa ke kira AD. Kai da ke cikin birnin Tawa akwai abin da ya kamata ka sani: birninku na cikin huɗun da ke da matsayi na musamman, tare da Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma kwamin ta ɗaya da ta biyu da aka raba shi rassa ne na babbar meri, ba su da cin gashin kai irin na kwamin ɗin Keita ko Buza. Mutane da yawa na ɓata takalminsu suna kai kuka inda ba a riƙe da makullin akwati.

To, mu bi dala daga inda take fitowa. Kwamin ɗin karkara tana da manyan rijiyoyi biyu. Ta farko lanho, wato harajin kai, wanda shekara da shekaru a wurare da yawa dala 140 ne a kan kowane baligi, wato sefa 700; a birni sunansa harajin tituna kuma ya fi haka tsada. Hakimai da ardo-ardo ke tattara shi, ana ba su ladansu a cikin abin da suka kawo. Matsalar lanho ita ce rajista. In an shekara goma ba a sake ƙidayar masu biya ba, za ka tarar da matattu a cikin littafi, samarin da suka yi aure har da ƴaƴa uku kuma babu sunansu. Ga Adar, yankinmu na Tawa, ƙasar ƴan bida ce: rabin mazan gari suna Abijan ko Legas ko Libiya lokacin da ake karɓa. Hakimin da ya san zai iya cewa "sun tafi bida" yana da ƙofar da ba mai iya rufe masa sai sabuwar ƙidaya. Sannan duk shekarar zaɓe ƴan siyasa da kansu ke raɗa wa mutane kada su biya, in sun hau kujera su rasa abin biyan albashi.

Rijiya ta biyu ita ce kasuwa, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, don nan ne arzikin jaharmu yake. Kasuwannin bisashe irin na Badagishiri da Abalak da Tunfafi, tashoshin da ake loda albasar Galmi, mayanka, rumfuna, ƴan kabu-kabu, amalanke, kowanne akwai abin da doka ta ɗora masa. A ƙa'ida, littafin tikiti yana fitowa daga hannun ma'ajin kwamin, da lamba a jere, a rubuta wa aka ba daga lamba kaza zuwa lamba kaza. Da yamma mai karɓa ya dawo da gindin littafin da kuɗin da suka yi daidai da ganyen da ya yage. Abu ne mai sauƙi, yaron lakwal ma zai iya lissafinsa. Ga yadda ake karya shi, kuma duk na gani da idona. Ana buga wani littafi a ɓoye mai kama da na gaskiya, a yage uku daga na jabu, ɗaya daga na meri. Ana karɓar rabin kuɗi a hannun mai kaya ba tare da tikiti ba, shi ya ji daɗi, mai karɓa ya ji daɗi. Ana karɓe tikitin a bakin ƙofa wai za a duba, a sake sayar wa na baya. A kasuwar bisashe kuma dillali ya gama ciniki cikin kara, amma a ja saniyar bayan katanga sannan a biya, a ce ba a sayar ba. Kuma su wa ake ba aikin karɓar? Galibi ƴan jam'iyyar da ta ci zaɓe, a matsayin ladan wahalar kamfe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: magajin garin da ya san wane ne ya kawo masa ƙuri'un ƙauye uku ba zai iya tsare shi ya ce ina cikon kuɗin Lahadi ba.

Akwai gwajin da muka taɓa yi a wata kwamin, kuma kowace kwamin za ta iya yin sa ba tare da taimakon kowane furoje ba. Ran kasuwa ɗaya, ba sanarwa, aka janye masu karɓa na kullum, aka sa kansiloli na kowane ɓangare da wasu malaman makaranta suka riƙe ƙofofi. Abin da aka tara ran nan ya ba kowa kunya. Daga ranar aka san abin da kasuwar ke iya bayarwa, duk wanda ya kawo ƙasa da haka sai ya yi bayani. Sai dai in gaya maka gaskiya, bayan ƴan watanni abin ya koma gidan jiya, don ba a mai da shi al'ada ba, kuma waɗanda aka taɓa wa tuwo sun fi mu naci.

Yanzu ga ginshiƙin da duk tsarin ya tsaya a kai, wanda dattijon nan nawa bai taɓa yarda da shi ba har ya sauka. Doka ta raba mai ba da umurnin kashe kuɗi da mai riƙe kuɗi. Magajin gari shi ke sa hannu a ce a biya, amma ba shi da ikon taɓa ko dala. Ma'aji shi ke riƙe akwati, amma ba shi da ikon fitar da ko dala sai da takardar umurni, sai ya duba cewa an tanadi abin a kasafi, akwai sauran kuɗi a wannan layin, kuma an yi aikin da gaske. In ya biya ba bisa ƙa'ida ba, daga aljihunsa doka ta ce ya mayar. Hikimar ita ce kowannensu ya zama birki ga ɗayan. A ƙarshen shekara magajin gari ya kawo nasa lissafin, ma'aji ya kawo nasa, a aza su gefe da gefe, dole su yi daidai. Duk kwamin ɗin da ka ji ana cewa ma'aji yaron magajin gari ne, ko kuma ana kashe kuɗi tun a kasuwa kafin su shiga akwati, sai daga baya a nemo takardun da za a lulluɓe, to an riga an gama da ita ko da waliyyi ne a kujerar.

Kasafin kuɗi kuma, kada adadin da aka karanta a rediyo ya burge ka. Kasafi alkawari ne. A ce kwamin ta rubuta za ta tara miliyan 100, alhali shekara uku a jere ba ta taɓa wuce 40 ba. Me ya sa ake kumbura shi? Don a samu damar rubuta manyan kuɗin zama da na tafiye-tafiye da na man mota. Waɗannan su ake fara biya da abin da ya shigo, rijiya da aji da magudanar ruwa kuma su tsaya a takarda suna jiran miliyan 60 da ba za su taɓa zuwa ba. Kundin 2010 ya ce a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a zuba a ayyukan raya ƙasa. A takardar kasafi kusan kowa na cika wannan sharaɗi. A lissafin ƙarshen shekara ne ake ganin wanda ya cika da gaske. Shi ya sa in za ka nemi takarda ɗaya tak a meri, nemi lissafin shekarar da ta wuce, ka bar kasafin shekara mai zuwa.

Majalisar kwamin, lokacin da take, an tsara ta zauna sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe ga duk mai son saurare, sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna ciki da bakin shawara ba tare da ƙuri'a ba. Dokar kaso ta sa mata sun shigo, daga kashi 10 a 2000 zuwa 15 a 2014 zuwa 25 a 2019, kuma a inda na yi aiki su ne suka fi tambayar ina aka kwana kan maganar ruwa da ɗakin haihuwa. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce majalisun sun yi aikinsu yadda ya kamata ba. Takardu da Faransanci suke, kansiloli da yawa ba su karanta shi, a raba musu kasafi mai shafi talatin da safen ranar da za a kaɗa ƙuri'a. Wasu ba abin da ya kawo su sai kuɗin zama. Ƙuri'ar tsige magajin gari kuma, wadda aka yi don horon mai laifi, ta koma sandar ciniki: a ba mu kwangila ko mu tsige ka. Duk da haka, a inda aka samu kansila biyu ko uku masu taurin kai da suka ce sai an fassara musu layi-layi da Hausa ko Tamajak kafin su ɗaga hannu, na ga kasafi ya canza kama a zama ɗaya.

Maganar fegi ita ce ta fi kowace hallaka magadan gari a birane. Yanka fili a sayar shi ne kuɗin da ke shigowa da yawa a lokaci ɗaya, kuma kuɗi ne na sau ɗaya, don ƙasa ba ta haihuwa. Ya kamata abin da aka samu ya koma cikin sabuwar unguwar: hanya, ruwa, wuta, magudana. Abin da aka saba gani shi ne a biya albashi da shi, a biya bashi da fegi, a ba manya fegi don su kau da kai, a sayar da fegi ɗaya ga mutum biyu, daga ƙarshe a waiwayi filin da aka ware don makaranta ko asibiti a yanka shi gunduwa-gunduwa. Bayan shekara goma unguwa ta cika da yara, babu inda za a kafa aji. Rigingimun filaye da na kuɗi sun sa majalisar ministoci ta sha tuɓe magadan gari bayan binciken sufetocin ma'aikatar cikin gida, har Yamai kanta an tuɓe magajin garinta a 2017 aka rusa majalisar birnin. A karkara kuma akwai hukumar filaye ta kwamin da tsarin dokokin karkara na 1993 ya haifar, mai shaidar cinikin gona da shata burtali. In tana aiki, rabin faɗan manoma da makiyaya ba ya kai wa ga jandarma.

Kwangila ba sai na daɗe a kanta ba, ka san labarin. A daddatsa babban aiki ƙanana-ƙanana don kada ya kai adadin da doka ta ce sai an yi gasa. A kawo takardun farashi uku, duk mutum ɗaya ya rubuta su da hatimi daban-daban. A sa hannu cewa an karɓi aji lafiya lau, damina ɗaya rufin ya tashi.

Adalci kuma shi ne in faɗa maka ba duk laifin ke kan meri ba. A Janairun 2016 gwamnati ta sa hannu kan miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa nauyin, kuɗin da ya kamata su biyo shi suka riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, a makare. Hukumar ANFICT da aka kafa da dokar 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi ba ta iya raba abin da ba a zuba mata ba. Kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ba yankunan da ake haƙo su, an sha bin gwamnati bashinsa. Harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa a madadin kwamin yakan shiga baitulmali ya daɗe bai fito ba. Magajin garin da aka ce shi ke da alhakin makarantun firamare, ba a ba shi na bulo ba, zana zai kafa, kuma kowa ya tuna gobarar azuzuwan zana da ta ci yara a Yamai da Maraɗi a 2021. Saboda haka in ka tashi tuhuma, ka fara rarrabe abin da kwamin ta tara da hannunta da abin da take jira daga sama. A kan na farko ba ta da uzuri.

Sai zamanin da muke ciki. Na ji masu cewa gara AD, ba ya bin kowace jam'iyya bashi, ba kansilan da zai yi masa barazana. Akwai gaskiya a ciki: wanda bai yi kamfe ba yana iya sallamar mai karɓar harajin da zaɓaɓɓe ba zai iya taɓawa ba, kuma wasu sun yi hakan. Amma ka lura da abin da ya ragu. Da mai tsara kasafi daban, masu amincewa da shi daban. Yanzu babu majalisar da za ta zauna ta ce a karanto mana lissafi. Sauran idanun da suka rage su ne na ma'aji, na prefe (shugaban gunduma) ko gwamna, da na masu bincike daga Yamai, kuma dukansu sama suke kai rahoto, ba unguwarku ba. A ganina wannan ya ƙara wa takarda nauyi, ya kuma ƙara wa irinku nauyi. AD mai hankali shi da kansa zai nemi a gani, ya manna abin da kowace kasuwa ta kawo a allon meri duk mako, ya shiga rediyon gari ya karanta, don ranar da za a zo binciken zamaninsa ba shi da kansilolin da zai ce tare muka yanke.

Abin da za ku iya yi kuwa, ku fara da kanku. Kada ɗan ƙungiyarku ya biya ko dala a kasuwa ko a tasha bai karɓi tikiti ba, kuma ya duba akwai lamba da hatimi, ya tafi da shi gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai ba da rabin kuɗi don a bar shi ya wuce abokin cin mai karɓa ne, ba shi da bakin tambayar ina motar kwasar shara. Ku biya harajinku ku riƙe takardar, ita ce za ku ɗaga in an ce ku su wa. Daga nan ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, cikin ladabi, ku nemi abu uku kacal: lissafin ƙarshen shekarar da ta wuce, jerin ayyukan da aka tsara yi bana da unguwar da kowanne zai sauka, da taswirar filayen da aka ware wa jama'a a unguwarku. Kundin 2010 ya ba ɗan kwamin damar ganin kasafi da lissafi da bayanan zaman majalisa, ba alfarma kuke roƙo ba. Ku tafi da mai unguwa da wani dattijo da ake jin kunyarsa, ku haɗa da wanda ya iya karanta lissafi, ko tsohon malamin makaranta ne. Kada ku fara da Facebook. Ranar da kuka zagi mutum a bainar jama'a kun ba shi hujjar rufe muku ƙofa, kuma zargin da ba takarda a bayansa yana iya kai ku gaban alƙali.

Wasiƙar ku yi ta kofi biyu, ku sa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan taku. In wata ya wuce shiru, ku sake rubutawa ku manna kofin ta farko. In aka sake yin shiru, ta uku ofishin gwamna za ta, tun da shi ke sa ido kan birnin Tawa, da kofin biyun farko a bayanta. In kun samo lissafin, ku duba layin tsabtace gari: nawa aka rubuta, nawa aka ce an kashe, motoci ko amalanke nawa ke aiki, nawa aka zuba musu na mai. Ka aiko mini da hoton shafin, mu karanta shi tare.